A Gimbana Aka Fara Yaƙin, Takardunsa Suna Kaduna da Landan

Duk yaron da ya zauna ajin tarihi a Arewa ya san Degel, ya san Gudu, ya san Tabkin Kwatto. Ka tambaye shi Gimbana, sai ya tsaya yana kallonka. Alhali a Gimbana, garin Malam Abdussalami a nan ƙasar Kabi, wutar ta fara kamawa. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa garin, ta kashe na kashewa, ta ɗaure na ɗaurewa, ta biyo da su ta kusa da Degel. Jama'ar Shehu Usmanu suka tare hanya suka kwance 'yan'uwansu. Daga ranar babu sauran zaman lafiya tsakanin Degel da Alkalawa, fadar Yunfa, kuma a Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu.

Labarin Abdussalami bai ƙare da daɗi ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi a Kware, ya rasu a 1818. Mutanensa suka tattara a Kalambaina suka matsa wa Gwandu lamba, har sai da Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki. Daga cikin wannan tarwatsewa ne ɗansa Buhari ya samu izinin zama, ya kafa Jega a wajajen 1820. Garin ya bunƙasa har kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin daular, kuma zuriyar Gimbanawa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

Duk wannan a rubuce yake. Bello da kansa ya wallafa Sardul Kalami a kan abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami, ya kawo wasiƙun da suka yi musaya. Abdullahi na Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta, har da cin Birnin Kebbi a 1805 da mummunar ranar Alwasa a ƙarshen wannan shekara. To, ɗalibin sakandare a Jega, wanda watakila jinin Gimbanawa ne ke yawo a jikinsa, ta ina zai karanta su? Kwafe-kwafen suna Sakkwato, da Kaduna, da Zariya, da Ibadan, wasu ma a Turai. A wayar da ke aljihunsa kuwa, wadda yake kallon ƙwallon Ingila da ita kai tsaye, da wuya ya ci karo da shafi ɗaya da zai iya saukewa, ya buga, ya raba wa 'yan ajinsu ba tare da fargabar ya taka doka ba.

Yaƙe-yaƙe sun wuce ta nan, takardu sun wuce can

Ƙasar da ta kwanta daga Aliero zuwa Jega zuwa Maiyama ba ta taɓa yin nisa da fagen fama ba. Tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849, Kabawan Argungu da Gwandu suka shafe kusan rabin ƙarni suna kai wa juna hari, in ban da ɗan hutun da aka samu a shekarun 1860, wanda ake kira Lafiyar Toga. Akwai wani tarihin Kabi da aka rubuta da Hausar ajami a wancan zamani, na Imam Umaru, malamin da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934. Rubutun ya bi hannun wani jami'in Jamus mai suna Mischlich, daga baya Heinz Sölken ya buga shi da fassarar Jamusanci a wata mujallar masana a Barlin. Ka ji fa: tarihin Kabi, da Hausa, amma sai mai jin Jamusanci kuma mai katin babban laburare ya fi kusa da shi.

Sai zuwan Turawa. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, 1903. Wasiƙun Larabci da aka tarar a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna suka riƙa aikowa suna shawarar yadda za a yi da Nasara, H. F. Backwell ya fassara su ya buga a 1927. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru suka kashe muƙaddashin Razdan da wasu Turawa biyu da sojoji fiye da ashirin, a watan Maris aka shafe garin daga doron ƙasa, kuma guguwar ta taɓa masarautarmu kai tsaye, domin an tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana da hannu. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta kan waɗannan al'amura, da na gundumomi irin su Jega, suna cikin fayilolin Lardin Sakkwato a Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ragowar kuma a Kew, a Landan. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 27 ga Agusta, 1991, an raba ma'aikata, an raba motoci da kujeru, amma tarihin ya zauna inda yake.

Yaƙin da ya fi kusa da tunanin tsofaffinmu shi ne Yaƙin Hitila, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Dubun-dubatar 'yan Nijeriya, akasarinsu daga Arewa, sun sa kaki a rundunar Afirka ta Yamma. Sun yi Habasha da Somaliya a 1940 da 1941, sannan aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, runduna ta 81 da ta 82 suka shiga dazukan Bama, suka yi Kaladan da Arakan, suka ci Myohaung a Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Sunayen da suka samo asali daga wancan yaƙi suna nan a barikokinmu har yau: Arakan a Legas, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Waɗanda suka zauna gida ma ba su tsira ba. Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, don haka iyakar da fataken Jega suka saba tsallakawa ta Kamba zuwa Gaya da Doso ta koma iyakar abokan gaba. Gishiri ya yi wuya, an matsa a noma gyaɗa, kuma daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza na Jos.

Wanda ya tashi a ƙauyukan nan ya san irin akwatin ƙarfen da 'yan mazan jiya ke bari. Fentinsa ya koɗe, makullin ya yi tsatsa. A ciki akwai lambar yabo mai siffar tauraro da ƙyallenta ya dushe, da ɗan littafin sallama da aka naɗe a leda ko a tsumma, mai ɗauke da lambar soja da sunan bataliya da hatimin wani hafsa. Wani lokaci da hoto guda, saurayi ne a gajeren wando da hula mai faɗi, ya ƙame kamar an dasa shi. Jikokin sun san Kaka ya je Bama. Inda ya tsaya a Bama, da wa ya tafi, wa ya dawo, wa ya kwanta a can, babu mai iya faɗa. Amsar tana cikin littattafan yau da kullum da kowace bataliya ta riƙa cikawa, kuma suna Kew, yawancinsu sai mutum ya je da ƙafarsa ko ya biya a ɗaukar masa hoto.

Akwai abin da 'yan gida kaɗai za su iya warwarewa a nan. Magatakardan soja sun saba rubuta sunan gari a madadin sunan uba: wane Sakkwato, wane Argungu, wane Yawuri. Bature mai bincike zai ga suna ne kawai da lamba. Dattijon ƙauyukanmu irin Mungadi ko Sabiyal, in aka karanta masa jerin, yana iya cewa ai wannan ƙanen kakan su wane ne. A dutsen tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan a Bama an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Kuma a Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa laifinta: a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, akasari 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ba sam. Sakataren tsaron Birtaniya ya nemi gafara a majalisa. Gafara ta yi, amma cike giɓin yana buƙatar mutanen da suka san gidajen, su kuwa ba za su iya ba sai takardun sun iso gare su.

Ɗaukar hoto daban, izini daban

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sau da yawa za ka ji an yi biki, an yanka kintinkiri, an ce an zuba takardun tarihi a kwamfuta. Madalla. Sai dai zuba takarda a kwamfuta ceton ta ne daga gara da ɗigon rufi. Bai ce komai ba game da wanda zai yi amfani da ita. Takarda na iya zama a faifai cikin durowar darakta shekara goma. Tana iya hawa intanet amma a rufe, ka gani ba ka saukewa. Tana iya saukuwa amma da tambari a tsakiyarta da gargaɗin cewa duk haƙƙoƙi a killace suke.

Ɗauki malamin tarihi a wata sakandare a Maiyama. Ya samu hoton sojojin Nijeriya suna tsallaka kogi a Bama a shafin Gidan Tarihin Yaƙi na Landan. Lasisin gidan ya yarda ya nuna wa ɗalibansa, tunda ba ciniki yake yi ba. Amma a ce ya zauna ya rubuta ɗan littafi mai shafi arba'in da Hausa, ya kai wa maɗaba'a a Zariya ko Kano a buga a sayar da shi a kan 'yan nairori don a mayar da kuɗin takarda, nan take ya shiga layin kasuwanci, sai ya nemi izini ya biya da fam. Albashinsa na wata ba lallai ya sayi hoto biyu ba. Abin takaicin shi ne, bisa dokar Birtaniya kanta, hotunan da masu ɗaukar hoton gwamnati suka ɗauka kafin 1957 wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare tun tuni. Abin da ake sayarwa shi ne ƙofar ɗakin.

Buɗaɗɗen lasisi shi ne mai abu ya faɗa tun farko, a rubuce, a jikin abin, cewa kowa na iya kwafa, ya fassara, ya buga, ya karanta a rediyo, ba sai ya rubuto wasiƙa ba. Ƙungiyar Creative Commons ce ta fara fitar da nau'o'insa da aka fi sani a ƙarshen 2002. Akwai CC0, wanda mai abu ya sallama gaba ɗaya. Akwai CC BY, sharaɗinsa ɗaya, a ambaci inda aka samo. Akwai CC BY-SA, wanda ya ƙara da cewa duk abin da ka gina a kai, kai ma ka sake shi haka. Sai kuma masu alamar NC, wato ban da kasuwanci, waɗanda hukumomi suka fi so saboda suna kwantar musu da hankali. A ganina wannan na ƙarshen ya fi cutar da mu fiye da kowa. A Turai jami'a ko gwamnati ke ɗaukar nauyin yaɗa irin wannan ilimi. A nan kuwa mai shagon hoto-kwafi da ke bakin makaranta ne, da mai tallar littattafai a kasuwar Jega, da gidan rediyo mai rayuwa da talla. Duk 'yan kasuwa ne a idon lasisin. Wikipedia ma ba ta karɓar abin da ke da wannan sharaɗi, don haka matasan da ke ta faman rubuta Wikipedia ta Hausa ba su da damar ɗora shi.

Wani zai ce wannan baƙon tunani ne daga Turai. Tarihin Gwandu ya ƙaryata shi. A 1853 Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, wani malami ya ara masa kwafin Tarikhus Sudan, ya kwana yana kwafe abin da ya iya, kuma ta wannan hanya Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai. Babu wanda ya nemi ya cike fom. Haka ilimi ya yi ta tafiya a ƙasar nan: almajiri ya ari littafi, ya daka tawada, ya fere alƙalami, ya kwafa, a ƙarshe ya rubuta sunan mawallafi da nasa, ya roƙi addu'a. A ambaci mai abu, a bar ilimi ya wuce gaba. Malamanmu suna da babin waƙafi, suna kuma da gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye sani. Littattafan Abdullahi sun kai Adamawa da Ilori da Masina ne saboda babu wanda ya kulle su.

Waɗanda suka buɗe ba su talauce ba

A Disambar 2008 gidan ajiyar takardu na tarayyar Jamus ya miƙa wa Wikimedia hotuna dubun-dubatai a ƙarƙashin CC BY-SA, da yawansu na zamanin yaƙi, jama'a kuma suka taya shi gyara bayanan da aka yi kuskure a jikinsu. Daga 2011 shirin Europeana na tunawa da yaƙin 1914 zuwa 1918 ya riƙa bin garuruwa yana sa rana, iyalai su zo da wasiƙu da hotunan kakanninsu, a ɗauki hoto nan take, a mayar musu da kayansu su koma gida da su. Gidan tarihi na Metropolitan a New York ya saki hotuna 375,000 a 2017, Smithsonian ta saki miliyan 2.8 a 2020. Babu wanda ya rufe ƙofa saboda talauci a cikinsu.

Mu ma an taɓa mana wani abu. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton wani kaso na takardun Kaduna, da wasu rubuce-rubucen ajamin Fulatanci na waƙoƙin jihadi, ya ɗora su a intanet kyauta. Aiki ne mai kyau, a yaba. Amma a Oktoban 2023 'yan kutse suka afka wa laburaren, yawancin hidimominsa na intanet suka durƙushe na tsawon watanni. Darasin a fili yake. Abin da ke hannun gida ɗaya, ranar da gidan ya samu matsala kowa ya rasa. Da lasisin ya ba da dama sosai, kuma da wata jami'a tamu ta damu, da akwai kwafi na biyu a Aliero, na uku a Sakkwato.

Laifi tudu ne

Zagin Landan yana da daɗi a baki, kuma ta cancanci kasonta. Ai sai a 2011, da shari'ar tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya ta matsa, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa ta ɓoye dubban fayilolin ƙasashen da ta mulka a wani wuri da ake kira Hanslope Park. Amma mu dubi namu. Gidan Ajiyar Takardu na Kaduna, da Arewa House da aka kafa a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, da sashen binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, su ne ke riƙe da kaso mafi tsoka na abin da ya shafe mu. Ma'aikatansu da yawa jarumai ne, suna aiki da kasafin da bai taka kara ya karya ba, wuta na zuwa tana tafiya, takarda na marmashewa a hannu. Sai dai masu bincike sun daɗe suna kokawa a kan abu guda: babu rubutacciyar ƙa'ida da kowa ya sani game da abin da aka yarda ka yi da hoton da ka ɗauka. Yau a ce ka ɗauka, gobe a ce a'a. Inda babu ƙa'ida kuwa, sanayya ce ke aiki, ɗan talakan Andarai kuma ba shi da ita.

Ga misalin da ya fi ci mini rai. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma ta cikinta mutanen Arewa suka bi labarin yaƙin da harshensu daga farko har ƙarshe. Babu wata taska ta Hausar wancan zamani da ta kai ta. Daga baya jaridar ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, wanda ya zama mallakar jihohin Arewa 19. Ma'ana Jihar Kebbi tana da kaso a ciki. Ba sai an roƙi Sarkin Ingila ba. Zama ɗaya na gwamnonin Arewa ya isa a ce duk fitowar 1939 zuwa 1945 an sake ta ga jama'a. Matasan Archivi.ng a Legas sun riga sun nuna cewa ɗora tsofaffin jaridun Nijeriya a intanet abu ne mai yiwuwa, kuma ba da kuɗin gwamnati suka fara ba.

Doka ma ba ta hana ba. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta ba rubutu kariyar shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Bello ya rasu a 1837, Abdullahi ya riga shi. Rubutunsu na kowa ne. Littafin E. J. Arnett na 1920 a kan Lardin Sakkwato shi ma wa'adinsa ya cika. Inda gizo ke saƙar shi ne fassara: wadda Mervyn Hiskett ya yi wa Tazyinul Waraƙati a 1963 tana da sauran shekaru masu yawa a killace, tunda a 1994 ya rasu. Maganin wannan ba kuka ba ne. A sa malamanmu na Larabci, waɗanda Gwandu da Jega ba su taɓa rasa su ba, su yi sabuwar fassarar Hausa da kuɗin jama'a, a sake ta da CC BY tun ranar farko.

Masu riƙe da makullan suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko kuɗi: 'yan kuɗin da ake karɓa wajen masu bincike su ne na man janareta. Gaskiya ne, amma kowa ya san ba su isa gyaran rufi ba, kuma babu wanda ya ce a daina cajin aikin nemo fayil ko ɗaukar hoto mai inganci. Abin da ake cewa shi ne, in an riga an ɗauka, kada a sake sayar da izini. Na biyu tsoron kwashe: baƙi za su sauke, su rubuta littattafai, kamfanonin fasaha su ciyar da injinansu, mu tashi a tutar babu. Wannan tsoro yana da tushe. Sai dai wanda ke da kuɗin jirgi da tallafin bincike ya riga ya shiga Kaduna ya ɗauki abin da yake so shekaru da dama. Kullewar ba shi ta hana ba, ɗalibin Danwarai ta hana.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma ina tare da ita rabi. Takardun yaƙi ba tatsuniya ba ne. A cikinsu akwai sunayen waɗanda aka kama aka sayar, kasuwar Jega kuwa ta ga irin wannan ciniki, kuma jikokin kowane ɓangare suna zaune unguwa ɗaya suna auratayya. Akwai rahotannin da wani Di'o ya rubuta a kan wane gida ne ya fi cancantar sarauta, waɗanda in suka faɗa hannun mai neman fitina sai su zama makami a kotu ko a Facebook. Akwai takardun Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, da wasu da suka yi shi suna raye. Akwai kundayen gidajen malamai, masu haɗe da tarihi da laƙani da sirrin iyali, waɗanda ba na gwamnati ba ne balle ta yi kyauta da su. Duk wannan yana buƙatar tacewa: kwamiti mai masana tarihi da wakilan masarauta da lauya, ya ware abin da za a jinkirta, ya faɗi dalili, ya sa wa'adi. Kundin iyali kuma sai da yardar iyalin, a rubuce, bayan an yi musu bayani da Hausa cewa buɗaɗɗen lasisi in an bayar ba a janyewa. Amma kada kashi ɗaya mai ƙaiƙayi ya zama dalilin kulle tara. Taswirar ganuwar gari, da jerin sunayen sojojin Bama, da farashin gishiri a 1943, wa za su cutar?

Aliero ce ya kamata ta fara

An san Aliero da albasa da masu ɗori, kuma tun 2006 an san ta da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Suna irin wannan bashi ne. Jami'ar tana da ɗaliban kwamfuta da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara, tana da laburare, tana da na'urorin ajiya. Ba ta buƙatar mallakar takarda ko ɗaya kafin ta zama gidan da ake tara kwafin duk abin da ya shafi yaƙe-yaƙen ƙasar Gwandu da Kabi, daga Gimbana zuwa Bama, cikin ƙananan fayilolin da wayar mai ƙaramin data za ta iya saukewa ta tura ta WhatsApp.

Ranar tattarawa irin ta Europeana ba ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Tebur biyu a harabar fadar hakimi, waya mai kyamara mai kyau, farin ƙyalle, fitila, da takardar yarda. Mai shela ya zaga ranar kasuwa. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta san gidajen. A ɗauki hoton lambar yabo gaba da baya, a buɗe littafin sallama shafi-shafi, a naɗi muryar tsohuwar da ta tuna ranar da mijinta ko wanta ya sauka daga mota da jakar kaki, a miƙa wa mutane kayansu kafin su tashi. Ranar 15 ga Janairu, da ake ajiye furanni a Birnin Kebbi don tunawa da sojoji, ta dace da wannan aiki fiye da kowace rana. Lokaci kuma ba ya jira. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun kwanta dama, 'ya'yansu ne yanzu ke da furfura, ambaliya irin ta 2020 kuwa ba ta tambayar abin da ke cikin akwati. An dawo da darasin tarihi makarantunmu bayan shekaru fiye da goma da cire shi, malamai na shiga aji hannu rabbana.

Don haka kira na ga majalisar gudanarwar jami'ar Aliero, da Majalisar Masarautar Gwandu, da shugabannin ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin a Abuja: ku rubuta wa Kaduna da Sakkwato da Landan a hukumance ku nemi kwafi tare da izinin yaɗawa, ku kuma fara da naku. Duk aikin tarihi da aka yi da kuɗin jihar nan, a sa sharaɗin buɗaɗɗen lasisi a cikin takardar kwangilarsa kafin a biya ko sisi. Wannan sharaɗin layi biyu ne, kuma ba ya cin kasafi.